Yadda Ake Sabunta Ƙotar Bindiga Ta Katako

Aikinmu a shagon kafinta da ke Shara Mansur a Makka ƙofofi ne da kabad. Amma da zarar lokacin bukukuwan aure ya kankama, sai ka ga mutanen Ɗa'ifa sun sauko da tsofaffin bindigoginsu na rawar Ta'ashir, wadda ake daka tsalle a harba albarushi ƙasa, suna neman a gyara musu ƙota. A cikin waɗanda suka biyo ta hannuna, kaɗan ne tsufa ya lalata. Yawanci mai gyara ne ya cika musu sanfefa, ko ya lafta musu mai.

Kafin komai, raba katako da ƙarfe. Ni ba na karɓar bindiga sukutum, domin riƙe makami a ƙasar nan sai da lasisi. Nakan ce wa mai ita, "Baba, tabbatar babu komai a cikinta, ka kwance ƙarfen ka ajiye a gida, katakon kawai nake so." Farantin da ke gindin ƙotar ne kaɗai nake bari a maƙale, saboda idan ka goge babu shi, gefen katakon zai zaizaye, in ka mayar ba zai zauna daidai ba. Idan kuwa ta gado ce mai adon azurfa ko tagulla, kada sanfefa ta kusance ta. Goge dauɗa da tsumma da ɗan tina, wato ruwan sirka fenti, shafa mai, ka mayar wa mai ita.

Sai cire tsohon fenti. Sa safar hannu, fita inda iska ke kaɗawa, shafa maganin cire fenti, ka jira ya kumbura, sannan ka kankare da roba mai kaifi. Wuƙa tana barin tabo. Wurin da aka yi wa zane-zane don riƙo, tsohon buroshin haƙori ne maganinsa.

Za ka ga inda katako ya haɗu da ƙarfe ya yi baƙi ƙirin. Man bindiga ne ya jiƙa shi shekara da shekaru, kuma rini ba ya kama wurin. Kwaɓa garin alli da asiton, ruwan nan da ake goge fentin farce da shi, shafe wurin, bar shi ya bushe. Allin zai tsotso man har ya koma ruwan ƙasa. Karkaɗe ka sake, ko sau huɗu ne. Wasu na shanya ƙota a ranar Makka don man ya fito da wuri. Yana fitowa kam, amma na ga wadda ta tsage tun daga wuya saboda haka.

Inda katako ya lotsa, ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna dutsen guga mai zafi. Tururi zai tayar da wurin. Idan yanka ne ya tsinke jijiyar katakon, ba zai tashi ba, kuma gara ka bar shi da ka yi rami garin share shi.

A wajen goge katako da sanfefa ake ɓarna. Naɗe sanfefar a jikin guntun katako, kada ka riƙe ta da yatsu, don yatsu na haƙa kwari. Fara da sanfefa mai kaushi lamba 180, ka hau 220, sannan 320, kullum kana bin tsawon jijiyar katako. Gogi ɗaya a gicciye ba za ka gan shi yanzu ba, sai rini ya hau zai fito ɓaro-ɓaro. Bakin da ƙarfe ke zama kuwa, kusan kada ka taɓa shi. Bayan 320, shafa danshi, ka bari ya bushe. Za ka ji gashi-gashi ya miƙe. Share shi da 400 a hankali, ka maimaita sau biyu.

Rini ya danganta da irin katakon. Katakon jauz (walnut) da kansa yana da duhu mai kyau, mai kawai yake so. Katakon da ake kira zan (beech) kuwa fari ne mai taurin kai, yakan sha rini dabbare-dabbare, shi ya sa na fi son rinin da ake narkawa da sifirit a kansa. Gwada launin a cikin kwarin da bututu ke kwanciya, inda ido ba ya kaiwa. Shafa kaɗan da tsumma, goge rarar nan take, in bai kai ba ka ƙara. Kula da ƙarshen gindi da lanƙwasar mariƙi, sun fi ko'ina sha. Ba shi kwana guda.

Mai kuma, dafaffen man kattan (linseed) nake amfani da shi. Tru-Oil, wani man shafa ƙota da ake sayarwa a haɗe, ya fi saurin bushewa da ƙyalli, sai dai a idona yakan mai da tsohuwar bindiga kamar kayan ɗakin amarya. Shafin farko ka kwance farantin gindi, ka sirka man da tina rabi da rabi, ka jiƙa ko'ina har cikin kwarin da ƙarƙashin faranti, domin ta nan danshi ke shiga, musamman ga mazauna Jidda. Bayan minti 20 goge tas. Daga nan ɗigo uku ko huɗu ya isa, ka murza da tafin hannu har ka ji ɗumi. Tsakanin shafi da shafi awa 24, a inuwa, a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Zafin garin nan yana ruɗi: sama ta bushe, ƙasa na danƙo. In ka taɓa ka ji yana kama yatsa, bi shi da lallausan soson ƙarfe mai lamba 0000, ka ƙara masa kwana. Shafi shida zuwa goma yakan wadatar. Bayan mako biyu ka bi da kakin zuma.

Tsumman da ya sha man kattan kada ka dunƙule shi a kwandon shara. Yayin da man ke bushewa yana fitar da zafi, har ya kama wuta da kansa, ga kuma shago cike da garin katako. Tsoma shi a bokitin ruwa, ko ka baza shi a kan siminti a waje har ya sandare.