Yadda ake lissafin juyin giya da fuli

Duk inda ƙarafa biyu masu haƙora, wato giya, suke juya juna, ko kai tsaye ko ta hanyar sarƙa, lissafinsu ɗaya ne: a ƙirga haƙoran wanda yake ja, a raba su da haƙoran wanda ake ja. Abin da ya fito shi ne yawan juyin da na biyun zai yi idan na farkon ya zagaya sau ɗaya. Kafin a fara ƙirga, a shafa wa haƙori guda alli, domin ido yana saurin rikicewa idan baƙin mai ya rufe ƙarfen.

A ɗauki keken da manomi yake ɗauko buhun shinkafa da shi daga fadamar Argungu. Idan babban ƙarfen da ke wajen feda yana da haƙora 44, ƙaramin na ƙafar baya kuma 18, to kowane zagayen feda zai juya taya sau 2.44. Taya mai inci 28 tana cin kusan mita 2.2 a juyi ɗaya, wato mita 5.4 ke nan a kowane zagayen feda, kuma kilomita guda za ta buƙaci zagayen feda kusan 185. Idan aka sauya na bayan da mai haƙora 22, tafiyar za ta koma mita 4.4, zagayen ya hau zuwa 227, amma ƙafa za ta sami sauƙi a cikin rairayi. Ga mai ɗaukar kaya, a ganina, wannan ya fi, domin duk gudun da aka ƙara daga ƙarfin ja aka cire shi.

Injin casa ba shi da haƙoran da za a ƙirga, saboda haka faɗin fuli, wato faifan ƙarfen da bel yake juyawa, ake aunawa, kuma daga inda bel yake kwanciya, ba daga leɓen waje ba. Idan an rubuta juyi 1,440 a minti a jikin motar lantarkin da ke juya injin, fulinta kuma inci 4 ne, injin kuwa 720 yake so, sai a ninka 1,440 sau 4, a raba da 720, a nemi fuli mai inci 8. Bel yakan ɗan zame, musamman idan ya saki, don haka juyin da za a samu zai ɗan gaza abin da lissafi ya bayar.