Masu shirin tafiya Kalifoniya, ku san da zancen wutar daji

Salam jama'a. Kwanan nan ƙannenmu na nan Kano da suka gama BUK suka samu gurbin ƙaro karatu a Amurka suna ta tambaya, amma duk tambayar ba ta wuce rigar sanyi da kuɗin haya da inda ake samun naman halal, ba mai tambayar wuta. Toh wanda Allah ya kai shi Kalifoniya ko sauran jihohin yamma ya sani wuta lokacinta gare ta duk shekara, don ruwansu da sanyi yake sauka, daga wajen Yuni zuwa Oktoba kusan ba ɗigo, ciyawa da itatuwan kan duwatsu su bushe ƙayau, sai kuma wata iska da suke kira Santa Ana ta taso daga cikin ƙasa ta gangaro bakin teku. Kamar iskar hunturunmu take wajen busar da komai, sai dai ita da ɗumi take zuwa kuma ƙarfinta har bishiya yake kayarwa.

Ita ce ta hura wutar Los Anjalas da ta tashi ranar 7 ga Janairun 2025, unguwannin Palisades da Altadena suka ƙone, gine-gine sama da 16,000 suka tafi, kuma fa a Janairu, lokacin da ya kamata a ce ruwa ake. Kafin nan a Nuwamban 2018 wuta ta cinye garin Paradise kusan gaba ɗaya cikin yini guda, mutum 85 suka rasu, wasu a cikin motocinsu aka same su saboda hanyoyin fita garin kaɗan ne, kowa ya fito lokaci ɗaya aka cushe.

Abun da yasa na zauna rubuta wannan shine halinmu. Mu nan in aka ce gobara, wajen wutar ake gudu, wani da bokiti, wani ya shiga kwaso kaya, wanda ya ga ta kasuwar Sabon Gari a 2016 ya san me nake faɗa, kuma taimakon juna ne ba laifi ba. Amma dan Allah ɗan'uwa kar ka kai wannan can. Wutar daji ba layi take bi gida bayan gida ba, iska ce ke ɗaukar garwashi ta jefa shi sama da kilomita a gaba, kana tsaye kana hangen hayaƙi a bayan dutse kana cewa ai da saura, ashe rufin maƙwabcinka ya kama. Kuma in ta samu hawa, tudu ta fi gudu a kansa.

Saƙo iri biyu hukuma ke turowa a waya, na farko gargaɗi ne cewa ka shirya, na biyu umarni ne ka fita yanzu. Ni dai shawarata baƙo wanda bai san lungunan gari ba, musamman in ba shi da mota ko yana da iyali, tun a na farkon ya kama hanya. Ka yi rajistar saƙonnin gaggawa na gundumar da kake, ka sauke manhajar Watch Duty mai nuna inda wuta ta tashi, kyauta ce. Ran da ka ji an ce Red Flag Warning, wato gargaɗin cewa yanayin ranar na iya tayar da wuta, toh ranar ba gashin nama a waje, ba turaren wuta a baranda, hajiyoyi da ku nake. A 2020 wasu ma'aurata suka kunna abun hayaƙi a wajen shagalin bayyana jinsin jaririn da za su haifa, wuta ta tashi, ɗan kwana-kwana ɗaya ya mutu, sai da suka tsaya gaban alƙali.

Jaka ɗaya ta zauna a bakin ƙofa, fasfo, takardar I-20 da makaranta ta ba ka ta neman biza in ɗalibi ne kai, shaidar karatu, magani, caja, 'yan kuɗi a hannu da ruwa, ka ɗauki hoton takardun ka tura wa kanka a imel. Kar man mota ya sauka ƙasa da rabi, don kamfanonin lantarki da gangan suke ɗauke wuta in iska ta yi ƙarfi, gidan mai kuma ba ya aiki ba lantarki (eh, Amurka ma ana ɗaukewa). Inshorar masu haya ma ka yi, ta mai gida ginin kawai ta rufe, kayanka ba ruwanta.

Sai hayaƙi, wanda shi har na nesa yake samu, a Yunin 2023 hayaƙin wutar Kanada sai da ya mayar da sararin New York ja. In awon iska na AQI ya haura 150 a rufe tagogi a zauna ciki, in fitar ta zama dole a sa takunkumin N95, na yadi ba ya tare komai. Mai asma ya tafi da abun shaƙarsa tun daga nan, ya nemi likita da ya sauka, don can sai da takardar likita ake sayar da irinsa.