Yadda ake karatun aikin jarida a kwalejin shekara biyu ta Amurka

Kwalejojin al'umma na Amurka makarantu ne na shekara biyu, inda ɗalibi yake tara kiredit kusan 60 (wato makin da ake ba kowane darasi gwargwadon awannin karatunsa) ya karɓi takardar shaida mai kama da diflomar da kwalejojin kimiyya da fasaha suke bayarwa a Najeriya, sannan ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran shekara biyun. Kuɗinsu ya fi na jami'a sauƙi nesa ba kusa ba.

Tun kafin ka yi rajistar zangon farko, ka zauna da mai ba ɗalibai shawara, ka gaya masa jami'ar da kake hari, domin ba kowane darasi ne jami'a take karɓa ba, kuma abin takaici ne mutum ya biya kuɗi ya ci jarrabawa a ce masa ya maimaita. A jihar Kalifoniya akwai takardar shaida ta musamman wadda take ba mai ita tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar.

Amma a ganina, ainihin koyon yana ɗakin labarai na jaridar ɗalibai, irin The Corsair ta kwalejin Santa Monica. Ka shiga tun makon farko, kada ka jira sai hannunka ya faɗa. Za a iya tura ka zaman hukumar gudanarwar kwalejin, ka shafe awa uku kana sauraron batun kasafin kuɗi, alhali labarin yana cikin jimla ɗaya da aka faɗa ana shirin tashi, wato za a ƙara kuɗin ajiye mota. Da wannan za ka buɗe labarinka, sauran bayanai su biyo baya bisa muhimmancinsu. Duk wanda ka zanta da shi, ka roƙe shi ya rubuta maka sunansa da hannunsa, saboda edita ba ya yafe kuskuren suna.

Ka kuma lazimci kundin ƙa'idojin rubutu na kamfanin dillancin labarai na AP, wanda yawancin jaridun ƙasar suke bi. A can za ka koyi cewa ɗaya zuwa tara da haruffa ake rubuta su, daga 10 kuwa da alƙaluma.

Duk labarin da aka buga da sunanka ka adana shi, har da hotuna da sauti, domin su editoci suke fara tambaya idan ka je neman gurbin sanin makamar aiki.