Yadda ake horar da sabon mai bincike kan nazarin gado a cikin dangi

Matashin da ya gama digiri na biyu ya zo ɗakin bincike, kwamfuta yake jira a miƙa masa. Kada ka ba shi tukuna. Ba shi takarda mai faɗi da fensir, ya zana salsalar gidansu har kakanni: murabba'i namiji, da'ira mace, layi biyu inda aka yi auren zumunci, a cike siffar mai ɗauke da cutar. Ni ba na karɓar zanen manhaja a matakin nan.

Daga nan sai fita wurin iyalai, kuma a nan na ga yawancinsu suna faɗuwa. A gidajen Hausawa na Makka da Jidda za ka tarar da yara tsakar gida ɗaya, duk suna kiran dattijo ɗaya Baba, alhali cikinsu akwai ɗan riƙo, akwai agola, akwai 'yan uba, akwai wanda shayarwa ce kawai ta haɗa su. Ɗalibi ya tambaya ko 'yan'uwa ne, a ce masa eh, ya rubuta uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ƙarya aka yi masa ba, tambayarsa ce ba ta kai ba. Koya masa ya zauna da tsohuwar gidan, ya gaisa sosai, sannan ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya: "Hajiya, wannan ke kika haife shi ko riƙonsa kika yi? Wa ya haifi mahaifiyarsa?" Ya tambayi ɓari da waɗanda suka rasu suna jarirai, a hankali, don ba kowace uwa ke ambatonsu da kanta ba. Ya tambayi dangantakar miji da mata ta kowane ɓangare. Ɗan da 'ya'yan wa da ƙane suka haifa, kusan kashi 1 cikin 16 na ƙwayoyin gadonsa iri ɗaya ne ta uwa da ta uba, kuma idan kakanni ma auren gida suka yi, adadin yakan haura haka.

Duk wannan bayan sahalewar kwamitin ɗa'a da izinin kowane baligi a rubuce. Izinin maigida ba ya tsaya wa matarsa.

Sai ya mayar da zanen zuwa ginshiƙai shida na PLINK, manhajar nazarin bayanan gado: dangi, mutum, uba, uwa, jinsi, halin lafiya. Kafin kowane nazari ya duba ko jinsin da DNA ta nuna ya dace da na zane, ya duba saɓanin gadon Mendel, wato inda ɗa ke da abin da ba zai yiwu ya gada daga iyayensa ba, ya auna kusanci da manhajar KING. Uwa ɗaya uba ɗaya suna ba da kusan 0.25, 'yan uba 0.125. Idan lissafi ya saɓa wa zane, ya fara zargin musayar kwalaben jini. In ba ita ba ce, maganar ta tsaya tsakaninsa da kai da kwamitin. Ana iya kashe aure da sakaci irin wannan.

Manhajojin nan kyauta ne, kuɗin yana wurin karanta DNA. Shi ya sa nake cewa a fara da yaro da iyayensa biyu, kafin a kwashi jinin unguwa guda.

Hanyoyin nazarin ba sa ɗaukar lokaci idan salsala ta tsaya daidai. Gwajin TDT na Spielman da abokan aikinsa, 1993, yana ƙirga abin da iyaye masu nau'i biyu na ƙwayar gado ɗaya suka miƙa wa ɗa mara lafiya. Ɗalibin ya yi shi da hannu sau ɗaya. Makin LOD na Morton, 1955, mai auna ko cuta da wani sashe na DNA tare ake gadonsu, sai ya kai 3 ake sauraronsa. Ga iyalan auren zumunci kuwa, hanyar Lander da Botstein ta 1987, wato neman dogayen sassan DNA da suka zo iri ɗaya ta uwa da ta uba, ita ce tawagar Fowzan Alkuraya ta yi fice da ita a asibitin Sarki Faisal na Riyad. Ɗalibin ya karanta aikinsu, sannan ka ba shi dangi ɗaya ya kai shi ƙarshe.