Yadda rubutu ke taimaka wa haƙuri ya ɗore a lokacin annoba

Bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020, mutane da yawa sun ɗanɗani kulle: ba ziyarar iyaye, sana'a ta tsaya, wani naka ya rasu ba ka samu ganinsa ba. Kowa sai ya ce maka ka yi haƙuri. To amma haƙurin da aka haɗiye ba a furta ba yakan ɓullo ta wata kafa, ko dai rashin barci ko saurin fushi da mutanen gida. Rubutu yana sama masa mafita.

Kayan aikin littafin rubutu ne da biro da agogo. Waya ma tana yi, sai dai saƙonni da labaran adadin mamata za su riƙa katse ka.

Hanyar da aka fi gwadawa ita ce ta James Pennebaker, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka. A binciken da ya wallafa a 1986, ɗalibai sun yi rubutun minti 15 kullum, kwana 4 a jere, kan abin da ya fi ƙona musu rai. Waɗanda suka haɗa labarin abin da ya faru da yadda suka ji sun rage zuwa ganin likita a watannin da suka biyo baya. Ka'idar ita ce kada biro ya tsaya har lokaci ya cika. Ka manta da gyaran nahawu, in magana ta ƙare ka maimaita jimlar ƙarshe har wata ta zo.

Kana iya raba kwanakin haka. Ranar farko ka faɗi abin da ya faru da yadda ya taɓa ka. Ta biyu ka ambaci abin da ka rasa da sunansa, ba "komai ya lalace" ba, a'a, "wata uku ban ga mahaifiyata ba". Ta uku ka ba da labarin daga bakin wani, kamar matarka ko ma'aikacin jinyar da ya hana ka shiga ɗakin marar lafiya. Ta huɗu ka nemi dalili. An lura cewa waɗanda suka fi amfana su ne waɗanda kalmomi irin su "saboda" da "na gane" suke ƙaruwa a rubutunsu daga rana zuwa rana.

Sai batun sadaukarwa, wanda nan ne aikin yake. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a Fabrairun 2020, wanda ya tattara bincike 24 kan killace mutane, ya yi nuni da cewa killacewa tana sauƙin ɗauka idan mutum ya san wasu yake karewa. Don haka ka rubuta jimla mai gaɓa biyu: "Na bar kaza domin wane." Lallai gaɓa ta biyu ta zama mutum mai fuska, kamar kakarka mai ciwon suga ko jaririn da ke gidan, domin kalmar "al'umma" ba ta cika sanyaya zuciya ba. Jimla uku sun isa, sau ɗaya a mako. Idan wani abin tilas ne kawai, ba ka ga wanda ya amfana ba, rubuta shi a haka. Takarda ba ta buƙatar ka nuna mata jarumta.

Kada ka tsorata idan ka tashi daga rubutu zuciyarka ta yi nauyi, yawanci yana wucewa cikin awa ɗaya ko biyu. Shi ya sa gara kada ka yi shi dab da kwanciya. Da dare, minti 5 na jera ayyukan gobe ya fi taimaka wa barci.

Babban kuskure shi ne nanata ƙorafi ɗaya. In ka duba shafukan mako guda ka ga jimloli iri ɗaya, to saƙe-saƙe kake yi, sai ka canza batu ko ka huta kwana biyu. Na biyu, rubutawa domin a ɗora a Facebook: da zarar ka hango mai karatu, sai ka fara kwaskwarima. Wanda kuma aka yi wa rasuwa kwanan nan, ya dakata makonni tukuna. Duk lokacin da ka ji abin yana neman fin ƙarfinka, ajiye biron nan take.

Idan ƙunci ya wuce mako biyu yana hana ka ci da barci, ko tunanin cutar da kanka ya zo, likita za ka nema. Shafukan kuwa, ka adana su inda ba mai gani, ko ka yayyaga su bayan kwana na huɗu in gidan ba wurin ɓoyewa.