Yadda makaɗi zai kare kunnensa a wurin wasa

Duk yaron da ya fara bin mu wasa a bukukuwan Yamai, washegari nakan tambaye shi ko kunnensa na kuka. In ya ce "yana yi, amma kafin azahar ya bari", to ɓarna ta soma. Can cikin kunne akwai ƴan ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke kama sauti, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara. Ƙarar desibel 85 kunne na iya ɗaukarta awa 8, amma duk ƙarin 3 sai lokacin ya rabu biyu. A desibel 100 minti 15 kawai gare ka. Mu kuwa tun la'asar muke kan sono, wato kayan ƙara sauti, har tsakar dare.

Fara da wurin tsayawa. Kada ka yarda a girke ka gaban lasifika ko kusa da bakin algaita. A fili, in ka ninka tazararka da lasifika, ƙarar na sauka da kamar desibel 6, kuma wannan ko dala ba ka kashe ba.

Sai abin toshe kunne. Manta da auduga, kusan ba ta tare komai. Nemi na soso a farmasi. Nan ne yara ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi shekara guda cur: cusa shi kawai nake yi a bakin kunne, rabinsa a waje, ina ganin na tsira. Ga yadda ake yi. Da hannu mai tsabta ka murza soson har ya yi siriri, ba lanƙwasa. Ɗaga ɗaya hannun ta bisa kai, ka ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe. Zura shi da sauri kafin ya kumbura, ka danne da yatsa har ka ƙirga talatin. In wanda ke gabanka na hango shi ya fito zuru, cire ka sake.

Za ka ji muryarka na gunji cikin kai, kalangu kuma kamar an lulluɓe shi da bargo. Minti goma yaro ya cire ɗaya, ya ce wa mai sono ya ƙara masa wuta. Kada ka yi haka. Riƙa sa shi tun wurin gwaji, mako biyu ka saba. In da hali, sa a kawo maka na makaɗa mai ɗan matacin sauti a ciki, mai rage desibel 15 ba tare da ya dushe sauti ba. Da tsada, amma a wurina mawaƙi da mai jita ba su da wani zaɓi.

Tsakanin waƙoƙi fita ka huta nesa da sono. Ka dawo gida, bar iyafis. In kukan ya wuce kwana biyu, tafi sashen ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, a Babban Asibitin Yamai a auna jinka. In kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya kuwa, a ranar za ka je.