Kurakuran da mutanenmu ke yi a Jidda ranar sauka daga jirgin ruwa

Sati biyu da suka wuce ɗan ƙanwata ya same ni a shago nan Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura, ya miƙo mani waya yana fara'a. "Kawu, duba, na gama komai." Na karɓa na duba. Jirgin ruwan da zai zaga Bahar Maliya da shi da amaryarsa zai dawo Jidda ƙarfe 7 na safe, shi kuma ya yanki tikitin jirgin sama na komawa Kano ƙarfe 11 na wannan safiyar. Na ce masa ya ja kujera ya zauna. Shi ne mutum na uku a bana da ya kawo mani irin wannan lissafi, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya a bakin shago, shi ya sa na zauna na rubuta.

Na daɗe ina zuwa Jidda sarin abaya da turare, kuma sau biyu na shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido da ke tashi daga can ya dawo can. Abin da zan faɗa abin da ya same ni ne da abin da nake yi yanzu. Wani na iya yin daban.

Babban kuskure shi ne ɗaukar lokacin da jirgi zai tsaya a tasha a matsayin lokacin da kai za ka fita. Ƙarfe 7 ɗin da aka rubuta maka, lokacin ɗaure jirgi ne. Daga nan sai hukuma ta ba da izini, sai a sauke akwatunan dubban mutane, sai a fara kiran fasinja rukuni-rukuni bisa launin takardar da aka ɗaura wa jakarka. In launinka na ƙarshe ne, sai ka yi ta zama kana kallon mutane suna wucewa. Bayan an kira ka akwai layin duba fasfo, akwai neman jaka cikin tulin jakunkuna, akwai kwastan. Tashar kuma ba irin tashar mota ba ce da za ka taka ka fito bakin titi. Tashar kaya ce babba, cike da kwantena da manyan motoci, ba a barin mutum ya yi ta gararamba a ƙafa.

A tafiyata ta farko mu huɗu ne, ni da Hajiyarmu da maiɗakina da ƙanina. Jirginmu na sama ƙarfe 1 na rana, na ce ai awa shida ta ishi kowa. Ba mu fito daga tashar ba sai wajen goma da rabi. Filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz yana arewacin gari, kimanin kilomita 19 daga tsakiya, tashar ruwa kuma tana ta kudu, wato sai ka ratsa Jidda ta Titin Madina da duk cunkosonta. Duk da haka da mun samu jirgin, ba don kuskure na biyu da ya hau kan na farko ba. Na ce wa direba "filin jirgi" kawai, shi kuma ya kai mu inda ya saba kai mutane. Filin nan ba gini ɗaya ba ne. Akwai sabuwar tasha ta ɗaya, wadda direbobi ke kira Sala Wahid, akwai ta arewa, Sala Shamaliyya, akwai kuma ta alhazai mai rufin tantuna da mutanenmu suka fi sani. Tsakaninsu tafiyar mota ce mai nisa. Mun sauke kaya, mun ɗora kan amalanke, mun shiga, sannan wani ma'aikaci ya dubi tikiti ya girgiza kai ya nuna mana waje. Kafin mu sami wata mota mu isa inda ya kamata, an rufe karɓar kaya.

Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Tikiti huɗu sabbi, kwana uku a masauki, duk daga kuɗin da na ware na sarin kaya. Na dawo Katsina hannu rabi, ga sallah ta matso, masu jiran abaya suna ta zarya. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne Hajiya, tana zaune kan akwati a bakin tashar, ta cire takalmi saboda ƙafa ta kumbura, ta ce mani, "Alhaji, bar faɗa da yaron nan, ba shi ya yanki tikitin ba." Gaskiya ta faɗa.

Tun daga nan ba na tashi ranar da na sauka daga jirgin ruwa, ko tikitin na kyauta ne. Ina kwana ɗaya a Jidda, in tashi washegari. Wasu abokaina suna cewa jirgin dare ya wadatar, ni dai ba na yi. Sannan kafin in shiga mota sai na buɗe tikiti na nuna wa direba sunan tashar da idonsa, ya maimaita mani da bakinsa.

Kuskure na gaba yakan sami waɗanda suka ji shawarar farko. Mutum ya sauka da hantsi, masauki ya ce ɗaki bai gyaru ba sai bayan azahar, sai ya ce bari ya rage lokaci a Balad, tsohon garin Jidda, tunda yana kusa da tashar. Sai ka gan shi tsakar rana yana jan akwatuna biyu a lungu, iyali na biye. Haba jama'a! Wa ya aike ku? Kowane masauki da na taɓa sauka yana karɓar ajiyar kaya tun kafin ya ba ka ɗaki. Ka je ka ajiye, ka karɓi shaida, ka wanke fuska, sannan ka yi tunanin yawo.

Kuma kada wani ya ce mani shi ɗan Katsina ne ya saba da rana. Zafinmu busasshe ne, ka shiga inuwa ka sami sauƙi. Na Jidda jiƙaƙƙe ne saboda teku, gumi yana fita ba ya bushewa, riga ta manne a jiki, inuwa ba ta yi maka komai. Ƙara da cewa wanda ya kwana uku ko biyar a kan ruwa yakan sauko yana jin kamar ƙasa na rausaya da shi. Maiɗakina sai da ta wuni tana dafa bango. Dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da aka fito da shi cikin wannan hali da rana tsaka, an zalunce shi. In kuma ranar Juma'a ce, ko shagunan ma ba za ka samu a buɗe ba da safe, domin hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne. Balad garin yamma ne. Sai bayan la'asar yake farkawa, bayan magariba kuma ya cika.

Masu zuwa da tsakar rana su ne suke dawowa suna cewa babu komai a wurin sai tsofaffin gidaje. Wannan magana tana yi mani ciwo, musamman daga bakin mutumin da in baƙo ya raina Hasumiyar Gobarau ko rijiyar Kusugu ta Daura zai yi fushi. Tun zamanin Sayyidina Usmanu ɗan Affan, a shekara ta 26 bayan Hijira, aka mai da Jidda tashar ruwan Makka. Kakanninmu da suka keta Chadi da Sudan a ƙafa suka tsallako teku, nan suka fara taka ƙasar Hijaz. Garin yana da ganuwa irin tamu, an rushe ta a 1947, amma sunayen ƙofofi suna nan, Bab Makka, Bab Sharif, Bab Jadid, kamar yadda muke cewa Ƙofar Guga da Ƙofar Durɓi. Gidajen da dutsen murjani na teku aka gina su, benaye masu tsawo, da tagogin katako sassaƙaƙƙu da suka turo kai waje, ana ce musu rawashin, iska na shiga amma na waje ba ya ganin na ciki. A 2014 UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya. Ka nemi Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da ya shiga Jidda a 1925. A ƙofarsa akwai wani tsohon bedi, irin namu sak. Na tsinki ganye ɗaya na murza na shinshina, ɗacin nan dai na bedin ƙofar gidanmu. Hajiya ta daɗe zaune a gindinsa ba ta son tashi.

Ga yadda nake tsara wunin. Ajiye kaya, abinci, barci har la'asar. Daga nan mota ta sauke ni Bab Makka, in bi Kasuwar Alawi a ƙafa, in yi magariba a Masallacin Shafi'i da ke cikin tsohon garin. Bayan isha'i sai bakin teku, Kornish, inda ake ganin marmaron Sarki Fahad yana cilla ruwan teku sama kusan mita 300, an haska shi da fitilu. Da rana ba ya da wannan kyan. Masallacin Rahma da aka gina kan ruwa yana can arewa sosai, kusa da hanyar filin jirgi, don haka nakan bar shi sai washegari in zan tafi. Masu cusa shi cikin dare ɗaya da Balad, rabin darensu a mota yake ƙarewa.

Maganar mota. Za ka fito ka ji wani ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa, ina za a kai ku?" da Hausa tsantsa, zuciyarka ta yi sanyi. Hausawa suna da yawa a Jidda, wasu can aka haifi iyayensu, kuma da yawa mutanen kirki ne da suka taimake ni. Amma jin Hausa ba ya hana a yi ciniki. Ɗan kabu-kabu ba ya da mita, in ba ku yanke kuɗi ba kafin ka shiga, a bakin masauki za a yi rigima. Ni nakan sa manhajar kiran mota ta Careem ko Uber a waya tun daga gida, in ga kuɗin kafin mota ta zo. Nakan kuma riƙe ƙananan riyal a aljihu. Lissafinsu ba wuya, dala ɗaya riyal 3.75 ce, an daɗe da ɗaure ta haka.

Mai son wucewa Makka ko Madina ta jirgin ƙasan Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, ya lura cewa tasha biyu ce a Jidda, ɗaya a Sulaimaniyya cikin gari, ɗaya a cikin filin jirgin sama. Wanda ya fito daga tashar ruwa, Sulaimaniyya ce tasa. Jirgin yana da iyakar kaya, ba ya ɗaukar tulin buhunan ɗan kasuwa. In kuma da niyyar Umra ka shiga jirgin ruwan, ka zauna da malaminka tun a Katsina kan inda za ka ɗaura harami, domin jirgin da ya fito ta arewa yana wuce saitin Juhfa, wajen Rabig, na kudu kuma saitin Yalamlam, tun kafin ya iso Jidda. Na ga mutane suna wannan gardama a bakin tasha da jakunkuna a hannu.

Akwai wani abu da ya kamata a duba tun kafin a biya kuɗin jirgin. In zagayen ya taɓa Masar ko Jodan, ka fita daga Saudiyya ke nan, dawowarka Jidda sabuwar shiga ce. Ka tabbatar bizarka mai shiga sau da yawa ce, ba mai shiga sau ɗaya ba.

Sauran ƙanana ne. Daren ƙarshe ana karɓar manyan akwatuna daga ƙofar ɗaki, kada ka zuba fasfo da magani da kayan da za ka sa da safe a ciki. Ka duba takardar bashin da ka ci a jirgi tun da dare, layin safe dogo ne. Ka kashe data a teku, cajinta na tauraron ɗan adam ne, yana cinye kuɗi cikin mintoci. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Ka rubuta sunan masauki da Larabci a takarda ka ba kowa, har Hajiya da ba ta riƙe waya. Kada ka tura ruwan Zamzam cikin akwati, akwai nasa kwalin na lita 5 da ake saye a filin jirgi.

Ɗan ƙanwar tawa ya fara jayayya, wai canza tikiti akwai tara, ga kuɗin masauki. Na ce ya buga lissafin tarar da kwana ɗaya, sannan ya buga na sabbin tikiti biyu daga Jidda zuwa Kano a rana guda. Ya yi shiru yana danna waya. Kafin a kira la'asar ya mai da tafiyar washegari da dare, na kuma rubuta masa Bab Makka da Sala Shamaliyya a bayan takardar shago, na ce ya tambayi kamfanin jirginsa wace tasha ce tasu kafin ya bar Kano.